Yadda ake ƙara geji a dashbod ɗin tsohuwar mota, da misalin Peugeot 504

Tsofaffin motoci da yawa sun fito daga kamfani ne da geji kaɗan a gaban direba: na gudu, na fetur, na zafin ruwa, sai 'yan jajayen fitilu da ke kamawa idan baƙin mai ko caji ya samu matsala. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, tana cikin wannan sahu. A lokacin da injinta yake sabo, waɗannan alamu sun wadatar. Amma injin da ya shekara talatin ko arba'in yana aiki, an sauke shi an mayar ba sau ɗaya ba, yana bukatar a riƙa ganin halin da yake ciki a lambobi, tun kafin matsala ta kai inda jar fitila za ta kama.

Fitilar mai ita ce ta fi yaudarar direba. Makunninta ba ya kamawa sai ƙarfin turin mai ya faɗi ƙasa sosai, galibi ƙasa da ba 1 (ba, wato bar, ma'aunin ƙarfin turi ne), a motoci da yawa ma wajen rabin ba. Idan mota tana gudu a kan babbar hanya kuma turin man ya sauko zuwa ba 1 da ɗoriya, metal ɗin inji sun riga sun fara cin juna, amma fitilar tana nan a kashe, kuma direba ba zai san abin da ake ciki ba sai ya ji inji ya fara bugawa.

Gejin da ya kamata a saya

Na farko shi ne gejin turin baƙin mai, na biyu na zafin ruwa mai lambobi, na uku na ƙarfin batir. Waɗannan ukun su ne ke kare inji. Gejin juyin inji yana da amfani wajen saita sulo da sanin lokacin canza giya, amma rashinsa ba ya kashe mota, saboda haka ana iya barinsa zuwa gaba. Akwai kuma tsohon gejin caji mai auna amfiya, wanda allurarsa ke tsakiya tana karkata dama ko hagu. Ban ba da shawarar a saka shi ba, domin sai an jawo babbar wayar da ke ɗauke da dukkan wutar caji an shigo da ita bayan dashbod sannan a mayar, kuma idan ta goge a jikin ƙarfe ko notinta ya saki, gobara ce. Gejin bolt, wato na ƙarfin batir, yana ba da labarin da ake bukata da 'yar siririyar waya.

Geji iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ba ya amfani da lantarki: na mai yana da siririn tiyo da ke kawo man kansa har bayan gejin, na zafi kuma yana da dogon siririn bututun ƙarfe da aka rufe da sinadari a ciki, wanda idan ya lanƙwashe sosai ko ya yanke, gejin ya mutu ke nan, babu gyara. Akwai kuma mai lantarki, wanda sensa ce ke zaune a jikin inji tana aiko da saƙo ta waya ɗaya. Na farkon yana faɗin gaskiya kuma yana da arha, sai dai duk ranar da tiyon ya fashe, mai mai zafi ne zai tsiyayo a ƙafar direba yayin da inji ke rasa mai. Ga wanda zai yi doguwar tafiya, mai lantarki ya fi kwanciyar hankali, kuma a kansa wannan jagorar ta fi karkata. Wanda ya dage sai na tiyo, to ya jefar da na robar da ke zuwa cikin kwali, ya sa na jan ƙarfe ko mai saƙar waya a bayansa.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki tun daga shago shi ne haɗa geji da sensar da ba tasa ba. Kowane kamfani yana da ma'aunin da ya gina kayansa a kai. Sensar mai ta VDO, alal misali, tana tafiya ne daga om 10 (om shi ne ma'aunin tirjiyar da abu ke yi wa wutar lantarki) idan babu turi zuwa wajen om 180 idan turi ya cika, yayin da da yawa daga cikin na Amurka suke tafiya daga om 240 zuwa 33, wato a juye. Idan aka haɗa su, allura za ta motsa, amma ƙarya za ta riƙa faɗi. Haka nan sensar ba 5 ba ta shiga gejin ba 10 ko da kamfaninsu ɗaya. Saboda haka a sayi geji da sensarsa tare, a duba lambobin da aka buga a jikin sensar, kuma kada a karɓi zancen mai shago cewa duk ɗaya ne. Ga injin fetur irin na 504, geji mai kaiwa ba 7 ya dace. Mai ba 5 yana iya ƙurewa da safe idan mai yana da sanyi. Na zafi kuwa, mai farawa daga digiri 40 zuwa 120 shi ne aka saba da shi. Girman da ya fi yawa shi ne mai faɗin milimita 52, kuma yana da kyau a nemi masu baƙar fuska da fararen lambobi, ko duk kamar da ta yi daidai da gejin asali, don kada sabo ya yi bare a cikin tsohon dashbod.

Bayan geji, ana bukatar waya mai kaurin milimita 1 cikin launuka aƙalla huɗu, gidan fiyus da fiyus mai amfiya 3 ko 5, kawunan waya da filayar matse su, robar da ake sa wa ramin ƙarfe don kada ya yanki waya, mitar gwajin lantarki, sifanoni, da kilif na tiyo sababbi.

Wurin da geji zai zauna

Kada a huda dashbod ɗin asali. Motar da aka yanke wa fuska ta rage daraja, kuma samun wani dashbod mai kyau yana ƙara wuya kowace shekara. Hanya mafi sauƙi ita ce farantin ƙarfe mai ramuka biyu ko uku da ake ɗaurawa a ƙarƙashin dashbod, ana amfani da kusoshin da suke can tun asali. Idan ba a damu da rediyo ba, raminsa yana ɗaukar geji uku masu milimita 52 a jere a yawancin motoci. Masu aikin ƙarfe a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za su iya yanka irin wannan faranti idan an kai musu awo.

Kafin a yanka komai, a zana farantin a kan kwali, a manna shi a wurin da ake so, a zauna a kujerar direba a gani. A tabbatar gwiwa ba ta taɓa shi, sandar giya ba ta buge shi, kuma sitiyari bai kare shi ba. A duba zurfin da ke bayansa, domin jikin geji da wayoyinsa suna cin kusan santimita 7 zuwa 8. Idan za a iya ɗan karkata farantin ya fuskanci direba, ya fi, saboda allurar da ake kallo daga gefe tana nuna abin da ba shi ne ba. Gejin mai shi ya kamata ya fi kusa da ido.

Daga nan sai a cire wayar batir ta at, wato ta kan ragi da ke haɗe da ƙarfen mota, a ajiye ta inda ba za ta koma ta taɓa kan batir ba, kuma kada a fara aiki sai inji ya huce sarai.

Sensar mai

A nemi makunnin fitilar mai a jikin inji. Ƙarami ne, yana da waya ɗaya, kuma galibi yana kusa da filtar mai. Ramin da yake ciki shi ne ƙofar shiga hanyar mai, kuma a nan sensar za ta zauna. A goge wurin tsaf kafin a kwance, don kada ƙasa ta faɗa ciki.

Akwai hanya biyu da za a bi ba tare da an rasa jar fitilar ba, kuma bai kamata a rasa ta ba, domin ido yana saurin ganin jan haske fiye da motsin allura. Ta farko ita ce a sayi sensa mai kai biyu. A ta VDO, kan da aka rubuta wa G na geji ne, wanda aka rubuta wa WK kuma shi ake mayar wa tsohuwar wayar fitila. Ta biyu ita ce a sa mahaɗi mai baki uku, tsohon makunni a gefe ɗaya, sabuwar sensa a ɗaya gefen. Matsalar hanya ta biyu ita ce nauyi: sensar mai tana da girma, kuma idan ta tsaya a ƙarshen dogon mahaɗin tagulla tana girgiza tare da inji a kan hanya mai ramuka, wata rana zai karye daga gindi, man inji ya tsiyaye cikin ɗan lokaci. Maganinsa shi ne a ɗauko man da gajeren tiyo mai ɗaukar turi, a ɗaure mahaɗin da sensar a jikin mota inda babu girgiza, sannan a ja musu wayar at tasu. Injin fetur na 504 a karkace yake zaune, wuri yana da matsi a gefe ɗaya, don haka wannan dabara tana kuma sauƙaƙa samun sarari.

Batun zare shi ne inda ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Zaren M10x1 na Turai, da 1/8 NPT na Amurka, da 1/8 BSP na Ingila sun yi kama ƙwarai a ido, har ɗaya yana iya shiga ramin ɗaya zagaye biyu ko uku kafin ya cije. Wanda ya ɗauki sifana ya matse shi da ƙarfi a wannan hali ya lalata zaren jikin inji. A tafi shago da tsohon makunnin a hannu, a gwada shi da mahaɗin da za a saya. Ƙa'idar ita ce sensa ta shiga da yatsu kawai zagaye da yawa ba tare da tirjiya ba. Idan ta ƙi, a tsaya. Mai miƙaƙƙen zare yana bukatar sabuwar washar jan ƙarfe, mai tsukakken zare kuma da kansa yake toshewa idan an ɗaure shi daidai.

Kada a naɗe zaren sensa mai waya ɗaya da farin tef ɗin masu famfo. Irin wannan sensa ta jikinta take samun at, kuma tef yana raba ta da ƙarfen inji, sai geji ya riƙa rawa ko ya nuna abin da babu. Guntun tef kuma yana iya yankewa ya shiga hanyar mai. Idan ana tsoron yoyo, a shafa ɗan man toshe zare kaɗan a zaren baya, a bar na gaba tsirara. Bayan an ɗaure, a sa mita tsakanin jikin sensar da jikin inji, ya kamata ta nuna kusan sifili.

Sensar zafi

Wuri mafi kyau shi ne kan inji ko gidan tamostat, ta ɓangaren da ruwa ke fitowa daga inji kafin ya wuce tamostat ɗin. Wasu injuna suna da ramin da aka toshe da noti a wannan wuri, wanda za a iya buɗewa a yi amfani da shi. Kada a cire sensar asali don a samu rami, kuma kada a taɓa makunnin da ke sa fanka ta kama a motocin 504 masu fankar maganaɗisu.

Idan babu rami, sai a koma ga mahaɗin almini da ake sakawa a tsakiyar tiyon sama na lagireto. A auna faɗin cikin tiyon kafin a saya, domin suna zuwa girma-girma. A zubar da ruwa har ya sauka ƙasa da tiyon, a yanke kimanin santimita 2 daga inda yake a miƙe, a cusa mahaɗin, a ɗaure da kilif biyu. Tun da roba ce a kowane gefe, mahaɗin ba shi da at, dole a ja masa waya daga ƙaramar kusar da ke jikinsa zuwa jikin inji. A juya shi ta yadda sensar za ta shiga daga gefe ko daga ƙasa, domin iska a sama take taruwa, kuma sensar da ke cikin iska ba zafin ruwa take aunawa ba.

Wannan wuri yana da aibi ɗaya da ya kamata a sani. Ruwa ba ya bin tiyon sama sai tamostat ya buɗe, saboda haka allura za ta kwanta na wasu mintoci sannan ta tashi gaba ɗaya, kuma idan tamostat ya maƙale a rufe, gejin zai makara wajen faɗa. A motocinmu da yawa makanikai sun riga sun cire tamostat da sunan ƙasar zafi ce. A irin wannan mota allurar za ta tashi a hankali, kuma da sanyin hunturu za ta nuna inji yana tafiya a digiri 60 da 'yan kai, wanda ba alheri ba ne: fetur yana ƙara tafiya, baƙin mai yana saurin lalacewa. Sabon gejin yakan zama hujjar mayar da tamostat.

Kafin a ɗaura sensar, yana da kyau a gwada ta. A haɗa ta da gejin da batir a kan tebur, a ja waya daga jikinta zuwa at, a tsoma bakinta kawai cikin ruwan da ke tafasa a tukunya. A gaɓar teku ruwa yana tafasa a digiri 100, a Kano wajen 98, a Jos kuma wajen 96 saboda tudu. Idan allura ta tsaya kusa da haka, kayan sun dace da juna. Bayan an gama ɗaurawa a cika lagireto, a bar inji ya yi aiki da murfin a buɗe har kumfar iska ta gama fita, sannan a ƙara ruwa.

Jan waya

Kowane geji mai sensa yana bukatar abu huɗu: wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, at, wayar sensa, da wutar fitilarsa. A raba musu launi, a kuma rubuta a takarda a ajiye a cikin mota, don mai rewayar da zai zo bayan shekara biyar ya gane abin da aka yi.

Wayoyin sensa za su ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. A fara neman ramin da yake akwai, kamar wanda wayoyin asali suka bi. Idan dole sai an huda, a leƙa ɓangarorin biyu tukuna don kada a huda bututun birki ko hita, a shafa wa bakin ramin fenti, a sa masa roba. A cikin gidan inji a nisantar da waya daga bututun hayaƙi, da fanka, da fanbel, da wayoyin filogi, a ɗaure ta kowane taƙi guda, amma a bar mata ɗan sassauci tsakanin inji da jikin mota, domin inji yana motsi a kan kujerunsa.

Wutar makulli a ɗauko ta daga akwatin fiyus. A mayar da batir na ɗan lokaci, a bi kawunan da mita har a samu wanda ba shi da wuta idan makulli yana kashe, yana da bolt 12 idan an murɗa, sannan a sake cire batir. A sa sabon fiyus kusa da inda aka ɗauko wutar, ba kusa da geji ba, domin duk tsawon wayar da ke gaban fiyus ba shi da kariya. Kada a ɗauko wuta daga kan kwayil: a wasu motoci akwai abin rage wuta a gabansa, abin da ke isa wurin bai kai bolt 12 ba, kuma geji zai yi ƙarya. Waya ɗaya ta isa ta ciyar da geji uku, ana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Wutar fitilu kuma a ɗauko ta daga wayar da ke haska gejin asali, don su kama tare da ƙananan fitilun mota.

At ita ce ta fi kowace waya muhimmanci, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A haɗa at ɗin dukkan gejin wuri ɗaya, a kai ta jikin mota inda aka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da noti. Sannan a duba babbar wayar at da ke tsakanin inji da jikin mota, domin sensa a inji take, geji kuma a jiki. Idan wannan waya ta ci tsatsa, allurar zafi za ta riƙa hawa duk lokacin da aka kunna manyan fitilu. Duk mahaɗar waya a matse ta da kan waya ko a like ta da dalma. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif yana aiki na wata uku, zafin mota ya narkar da gam ɗin, ya bar tsirarar waya a bayan dashbod.

Gejin bolt ba shi da sensa, wutar makulli da at kawai yake so. Gejin juyin inji kuwa, a motar fetur wayar saƙonsa tana zuwa kan kwayil mai alamar ragi, wanda a wasu aka buga masa lamba 1, a na Faransa da yawa kuma RUP. A bayan gejin akwai ɗan makunni da za a saita a kan silinda 4. Motar dizal ba ta da kwayil, don haka ana ɗaukar saƙon daga kan altaneto mai harafin W, kuma sai an sayi gejin da aka yi don haka.

Gwaji da karanta allura

A mayar da batir, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Gejin bolt ya nuna wajen 12 zuwa 12.6, na mai ya tsaya a sifili, na zafi ya kwanta. A tayar da inji ido yana kan gejin mai: cikin daƙiƙu kaɗan allura ta tashi. Idan ba ta tashi ba kuma jar fitila ba ta mutu ba, a kashe nan take. A fita a duba gindin sensar da takarda mai tsabta, a sake dubawa bayan inji ya yi zafi, a kuma sake bayan tafiyar farko.

Idan allura ta yi abin da ba a gane ba, akwai gwaji mai sauƙi. A gejin zafi, cire wayar sensa yana kwantar da allura, taɓa ta da jikin inji na daƙiƙa ɗaya kuma yana kai ta ƙarshe. Idan ta yi haka, geji da waya lafiya lau, laifin na sensa ne ko at ɗinta. A gejin mai irin na VDO abin a juye yake, wayar da ta cire ita ke kai allura ƙarshe, saboda haka turin da ya cika geji tun kafin a tayar da inji alamar waya ce ta yanke.

Idan inji yana aiki, caji mai kyau yana tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Ƙasa da 13 a kan tafiya yana nufin fanbel ya saki ko altaneto ya gaza, sama da 15 kuma yana dafa batir. A gwada da mita a kan batir ɗin kansa, domin tsofaffin wayoyi suna iya sa gejin dashbod ya nuna ƙasa da gaskiya da kusan rabin bolt. Zafin ruwa tsakanin digiri 80 da 95 daidai ne, yana ɗan hawa a cunkoso da kan tudu. Abin tsoro shi ne allurar da ta hau sosai sannan ta faɗo ba dalili, domin sau da yawa ruwan ne ya ƙare, sensar ta koma cikin iska.

Turin mai yana da yawa da safe, yana sauka idan mai ya yi zafi ya tsinke. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna bi ita ce aƙalla ba 0.7 ga kowane juyi dubu na inji mai zafi, wato wajen ba 2 ko fiye a juyi 3,000. Allurar da ke faɗuwa a kwana ko lokacin taka birki tana cewa mai ya yi ƙasa a cikin inji, a tsaya a duba sanda. A makon farko a rubuta lambobin da motar ke nunawa da safe, da a sulo bayan ta yi zafi, da kuma a kan babbar hanya a gudu ɗaya, tare da irin man da ke ciki. Idan bayan watanni turin sulo ya ragu da rabin ba alhali mai da yanayi ba su canza ba, a kai ta wurin makanike ya ɗaura nasa gejin na hannu a ramin sensar ya tabbatar, kafin a yanke shawarar buɗe famfon mai ko metal.